Tiyatar Sauya Gwiwa: Yadda Ake Yin Ta, Sakamakonta, Da Yadda Ake Sallah Bayanta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda yake sallah a Babban Masallacin Zongo na Kwatano ya ga yadda kujeru suke ƙaruwa a gefen sahu shekara bayan shekara. Mafi yawan dattawan da suke zama a kansu ciwon gwiwa ne ya kai su can. Haka abin yake a ɓangaren mata, musamman iyayenmu da suka yi shekaru suna ɗaukar kaya da tsayuwa a kasuwar Dantokpa. Idan ciwon ya tsananta sai likita ya ambaci tiyatar sauya gwiwa, wadda likitocin nan suke kira prothèse du genou da Faransanci. Daga nan iyali sukan shiga ruɗani: wani ya ce a tafi Indiya, wani ya ce wanda aka yi wa ba ya sake sujada, wani ya ce ƙarfe a jiki bai halatta ba. Aikin yana cin miliyoyin sefa, kuma ƙashin da aka yanke ba ya dawowa. Don haka muka tattara bayanin nan domin mai shawara ya yi ta da sani. Bayanin ba ya maye gurbin ganin likita.

Yadda gwiwa take da abin da ke lalata ta

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwa: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa ta gaba. Bakin kowane ƙashi a lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi, wanda yake sa ƙasusuwan su zame a kan juna ba tare da gogayya ba. Akwai jijiyoyi masu ƙarfi a gefe biyu da kuma guda biyu a tsakiya da suka gitta juna, su ne suke riƙe gaɓar kada ta goce.

Ciwon da ya fi kai mutane ga wannan tiyata shi ne amosanin gaɓɓai na tsufa, wanda Faransawa suke kira arthrose. Guringuntsin yana zaizayewa a hankali har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Guringuntsin da ya cinye ba ya sake tsirowa, ba da ƙwaya ba, ba da allura ba, ba da jiƙo ba. Abubuwan da suke gaggauta lalacewar su ne yawan shekaru, ƙiba, gado, tsohon karaya ko tsinkewar jijiya, da aikin da ke buƙatar yawan tsuguno da ɗaukar nauyi. Mata sun fi maza kamuwa da shi. A garinmu hatsarin zemijan ma yana da nasa kaso, domin karayar da ta shiga cikin gaɓa, idan ta ɗoru a karkace, takan cinye gwiwar bayan wasu shekaru. Sauran sababai sun haɗa da amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa da kuma ciwon da ƙwayoyin cuta suka taɓa yi wa gaɓar.

Sau da yawa ɓangaren ciki na gwiwa ne yake fara cinyewa, shi ya sa ƙafar take lanƙwashewa kamar baka. Idan ɓangaren waje ne ya cinye sai ƙafar ta yi gwame.

Abin da ake gwadawa kafin tiyata

Likita nagari ba ya fara da wuƙa. Rage ƙiba shi ne na farko, domin bincike ya nuna kowane kilo 1 da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Sai motsa jiki don ƙarfafa naman cinya, riƙe sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren, da magungunan rage zafi. Magunguna irin su diklofenak da ibuprofen suna taimakawa, amma shan su kullum ba da kulawar likita ba yana jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Muna jan kunnen jama'a game da haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake sayarwa a bakin hanya da sunan maganin sanyin ƙashi, waɗanda mai sha bai san abin da ke cikinsu ba. Allurar kotizon a cikin gwiwa tana kawo sauƙi na makonni ko 'yan watanni, ba a yawaita ta, kuma ba a son yin ta cikin watanni 3 kafin tiyata saboda tana ƙara haɗarin shigar ƙwayoyin cuta.

Wankin gwiwa da na'urar leƙe ba ya warkar da amosanin tsufa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna waɗanda aka yi wa wankin ba su fi waɗanda aka yi wa tsagar banza samun sauƙi ba. A 2015 kuma likitocin Denmark sun raba majinyata 100 gida biyu: rabi aka sauya musu gwiwa, rabi aka tsaya kan motsa jiki da rage ƙiba da magani. Waɗanda aka yi wa tiyata sun fi samun sauƙin ciwo, amma su ne kuma suka fi haɗuwa da matsaloli masu nauyi. A cikin waɗanda ba a yi wa ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne suka nemi tiyatar a shekarar farko.

Ana maganar tiyata ne idan ciwo yana hana barci, tafiya ta gagara sai 'yar kaɗan, hoton ƙashi da aka ɗauka a tsaye ya nuna ƙashi ya haɗu da ƙashi, kuma an gwada sauran hanyoyin na watanni ba su yi ba. Munin hoto kaɗai ba ya wajabta aiki. Akwai mai mummunan hoto da yake harkokinsa lafiya.

Taƙaitaccen tarihin aikin

Likitan Jamus Themistocles Gluck ne ya fara gwada sauya gwiwa a Berlin a 1890, da gaɓar da ya sassaƙa daga hauren giwa. Ƙwayoyin cuta suka lalata aikin. A shekarun 1950 Börje Walldius na Suwidin ya ƙera gwiwa mai kama da fatar ƙofa, wadda take buɗewa da rufewa ta hanya ɗaya kawai. Tana yawan kwancewa daga ƙashi saboda gwiwar ɗan Adam tana ɗan juyawa yayin da take lanƙwasa. A 1968 Frank Gunston, ɗan Kanada da ya yi aiki tare da John Charnley a Ingila, ya kawo samfurin ƙarfe da ke zamewa a kan roba, an manne su da simintin ƙashi. Samfurin da aka gina na yau a kansa ya fito ne a 1974 daga Hospital for Special Surgery da ke New York, ta hannun John Insall da Chitranjan Ranawat da Peter Walker. A Oxford kuma John Goodfellow da John O'Connor suka ƙera samfurin da daga baya ya shahara wajen sauya rabin gwiwa. Yau ana yin wannan aiki sau dubban ɗaruruwa kowace shekara a Amurka kaɗai.

Ire-iren tiyatar

Sauya gwiwa gaba ɗaya shi ne mafi yawa. Sunan yana tsorata mutane, har wasu suna zaton ana datse gwiwar ne a jefar. Abin da ake yi shi ne a aske bakin ƙasusuwan da suka lalace, kaurin kusan santimita 1, a lulluɓe su da sabuwar fuska. Bakin ƙashin cinya ana sa masa hular ƙarfe na kobalt da kurom. Kan ƙashin ƙwauri ana ɗora faranti na ƙarfe, sau da yawa titaniyom, a saman farantin kuma a sa roba mai tauri da ake kira poliyetilen. Ita ce take zama a madadin guringuntsi. Wasu likitoci suna sa wa bayan ƙoƙon gwiwa maɓallin roba, wasu suna barinsa yadda yake.

Sauya rabin gwiwa ana yin sa ne ga wanda ɓangare ɗaya kaɗai ya cinye kuma jijiyoyinsa na tsakiya suna nan lafiya. Tsagar ƙarama ce, ana saurin murmurewa, kuma gwiwar takan fi lanƙwasuwa. Sai dai ta fi yawan buƙatar a sake aiki daga baya.

Ga matashi mai aikin ƙarfi wanda ƙafarsa ta yi baka, akwai gyaran ƙashin ƙwauri: a tsaga shi a miƙar da shi don nauyi ya koma ɓangaren da ke da lafiya. Wannan yana jinkirta sauya gwiwa na shekaru. Akwai kuma tiyatar sakewa, wato a cire tsohuwar gwiwar ƙarfe a sa sabuwa. Ta fi ta farko wahala da tsada, sakamakonta kuma bai kai nata ba.

Yadda aikin yake gudana

Kafin ranar aiki ana auna jini, zuciya, ƙoda, suga da hawan jini. Wanda sugansa bai daidaita ba ana jinkirta masa. Ana neman duk wata kafar ƙwayoyin cuta, kamar ruɓaɓɓen haƙori, ciwon fitsari ko gyambo a ƙafa, a magance ta tukuna. Mai shan taba ana so ya bari makonni kafin aiki. A yankinmu ya kamata likita ya san ko majinyaci yana da sikila, kuma a faɗa masa duk maganin gargajiya da ake sha.

Galibi ana yin allurar baya wadda take kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, wani lokaci kuma ana sa mutum barci gaba ɗaya. Ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a fara tsaga, da maganin rage zubar jini mai suna tranexamic acid. Likita yana tsaga gaban gwiwa, ya ture ƙoƙon gefe, ya yi amfani da ma'aunai na ƙarfe ya yanke ƙashi daidai gwargwado. Daga nan sai ya daidaita jijiyoyin gefe don kada gwiwar ta yi sako-sako ko ta ɗaure da yawa. Wannan daidaitawa ita ce inda gwanintar likita take bayyana. Yana gwada samfurin wucin gadi, ya lanƙwasa ya miƙe, idan ya gamsu sai ya manne na ainihi da simintin ƙashi, wanda yake daskarewa cikin kusan minti 10 zuwa 15. Akwai samfurin da ba ya buƙatar siminti, ƙashi ne yake tsiro ya kama shi. Aikin duka yana ɗaukar awa 1 zuwa 2.

Wasu asibitoci suna tallata aiki da kwamfuta ko mutum-mutumi, irin na'urar Mako. Waɗannan suna ƙara daidaiton yanka. Amma har yanzu ba a tabbatar da cewa sun fi hannun ƙwararren likita wajen rage ciwo ko tsawaita rayuwar gwiwar ba, ga kuma ƙarin kuɗi. Likitan da yake yin aikin akai-akai da ɗakin tiyata mai tsafta sun fi sunan na'ura muhimmanci.

Jinya da gashin ƙashi

Ana tayar da majinyaci ya taka ƙafar a ranar aikin ko washegari, yana dafa abin dogarawa. Kwanciyar asibiti takan zama 'yan kwanaki. Ana cire ɗinki bayan kusan mako 2. Yawancin mutane suna ajiye sanda cikin mako 6, su koma harkokinsu cikin wata 3, amma kumburi da ɗumin gwiwa kan ɗauki watanni, kuma sauƙi yana ci gaba da zuwa har shekara guda.

Rabin nasarar aikin yana hannun mai gashin ƙashi, wanda muke kira kine a nan, da kuma haƙurin majinyaci. Makonnin farko akwai zafi sosai. Wanda ya ce zai kwanta sai zafin ya wuce kafin ya motsa, gwiwarsa za ta ƙage. Idan ta ƙage, likita yakan sa mutum barci ya lanƙwasa ta da hannu, kuma hakan ya fi amfani idan an yi shi cikin watanni 3 na farko. Tausayin 'ya'ya da ke hana tsoho motsi cutarwa ce a wannan hali. Haka nan ba a kai gwiwar da aka sauya wurin maɗori, ba a yi mata tsaga ko ƙaho, ba a shafa wa raunin komai sai abin da likita ya ce.

A shirya gida kafin majinyaci ya dawo. Masan tsuguno ba zai yiwu masa ba, sai an samar da na zama ko kujera mai rami. Gado ya fi katifa a ƙasa. A kawar da tabarmi da dardumar da za su iya tuntuɓe shi.

Sakamako

A 2019 masu bincike na Jami'ar Bristol sun buga nazari a mujallar Lancet, sun tattara rajistar ƙasashe irin su Finland da Ostiraliya. Sun gano cewa cikin kowace gwiwa 100 da aka sauya gaba ɗaya, kusan 93 suna aiki bayan shekara 15, kusan 90 bayan shekara 20, kusan 82 bayan shekara 25. A rabin gwiwa kusan 70 ne suka kai shekara 25. Ma'anar wannan ita ce mai shekara 70 yawanci gwiwa ɗaya za ta ishe shi, mai shekara 50 kuwa ya sa a ransa wataƙila a sake masa.

Kusan mutum 4 cikin 5 suna gamsuwa da aikin. Na biyar yakan ci gaba da jin wani ciwo ko tauri, ko da hoto ya nuna komai daidai. Yawancin waɗanda ba su gamsu ba sun shiga ne da tsammanin za su sami gwiwar ƙuruciya.

Matsala mafi tsanani ita ce ƙwayoyin cuta su kama ƙarfen, abin da ke faruwa ga kusan mutum 1 zuwa 2 cikin 100. Ƙwayoyin suna mannewa a jikin ƙarfe inda magani ba ya kai musu da kyau, har takan kai a cire gwiwar, a yi makonni ana magani, sannan a sa wata. Sai daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda gudansa kan iya tafiya huhu, shi ya sa ake ba da maganin tsinka jini kuma ake matsa wa majinyaci ya yi tafiya. Akwai kwancewar ƙarfe bayan shekaru da karaya a kusa da shi idan aka faɗi. Mutuwa sanadin aikin ba ta kai 1 cikin 100 ba. Waɗannan alƙaluma daga ƙasashen da suke da rajista aka samo su, don haka a tambayi kowane asibiti nasa sakamakon. Zazzaɓi tare da jan gwiwa, ruwa ko mugunya daga rauni, kumburin sha-raɓa mai zafi, ko sarƙewar numfashi, duk alamu ne na a koma asibiti a ranar, ba a jira gobe ba.

Sallah da sauran hukunce-hukunce

Sa ƙarfe a jiki don magani ya halatta. Malamai suna kafa hujja da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Ƙarfe da roba abubuwa ne masu tsarki, ba su taɓa alwala ko sallah, kuma idan mutum ya rasu da su ake binne shi. Wasu alluran tsinka jini, irin heparin, daga hanjin alade ake samo su. Majinyaci yana iya tambayar likita ko akwai madadi, domin akwai magungunan da ba daga dabba aka haɗa su ba. Idan likita ya ga babu wanda ya dace sai wannan, lalura ta halatta shi.

Game da sujada, ga yadda lissafin yake. Tafiya tana buƙatar gwiwa ta lanƙwasa kusan digiri 65, tashi daga kujera kusan 95. Gwiwar da aka sauya yawanci takan kai 110 zuwa 120. Zaman tahiya a ƙasa kuwa yana buƙatar kusan 150 ko fiye. Saboda haka mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin ba za su iya zama a kan dugadugansu ba, duk da cewa wasu suna iya durƙusawa bayan watanni da iznin likita. Abin da ya fi nuna yadda gwiwa za ta lanƙwasa bayan aiki shi ne yadda take lanƙwasuwa kafinsa. Duk wanda ya yi maka alkawarin cewa lallai za ka koma zaman tahiya kamar da, ka yi hattara da shi. Amfanin aikin shi ne ciwo ya tafi, mutum ya yi barci, ya taka da ƙafarsa zuwa masallaci.

Shari'a ta sauke wa mutum rukunin da ya gaza ne kaɗai. Wanda yake iya tsayuwa sai ya yi kabbara da karatu a tsaye, ya yi ruku'u idan yana iyawa, sannan ya zauna a kujera ya yi nuni da sujada, ya sunkuya fiye da yadda zai yi wa ruku'u. Kuskuren da muke gani shi ne mutum ya zauna tun daga kabbarar harama a sallar farilla alhali tsayuwa ba ta gagare shi ba. A kwanakin farko bayan tiyata yana iya sallah a zaune ko a kwance. Gwiwa ba ta cikin gaɓoɓin alwala, amma a wankan wajibi ana shafa a kan bandeji, idan ruwa zai cutar kuma a yi taimama. Wanda jinyarsa ta faɗo cikin Ramadan yana da rangwamen ajiye azumi ya rama, ko da yake tunda aikin ba na gaggawa ba ne ana iya tsara shi a wani watan. Mai niyyar Hajji ya ba gwiwar watanni ta warke, kuma ɗawafi da sa'ayi a keken guragu sun inganta ga mai uzuri.

Inda ake nema da tambayoyin da za a yi

A Kwatano mafari shi ne ganin likitan ƙashi, kamar a sashen ƙashi na babban asibitin koyarwa na CNHU Hubert Koutoukou Maga, a ɗauki hoto a tsaye a ji ra'ayinsa. A Najeriya ana yin aikin a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas da na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959. A Ghana akwai asibitin FOCOS da ke Akara. Wasu suna tafiya Indiya, Masar, Tunisiya ko Faransa. Mai tafiya waje ya sani cewa doguwar tafiyar jirgi da wuri bayan aiki tana ƙara haɗarin daskarewar jini, kuma ya samo likita da kine a gida da za su karɓe shi tun kafin ya tashi. A yi hattara da 'yan kamasho da suke haɗa majinyata da asibitoci don samun nasu kaso.

A tambayi likita gwiwa nawa yake sauyawa a shekara, nawa ne suka kamu da ƙwayoyin cuta, wane kamfani ya ƙera samfurin, kuma kuɗin da aka faɗa ya haɗa da jini, magani, kwanciya da gashin ƙashi ko bai haɗa ba. A karɓi takardar da ke ɗauke da sunan samfurin da lambarsa a adana ta, domin duk likitan da zai duba gwiwar nan gaba zai neme ta. Iyalin da suke haɗa kuɗi su ware na kine na aƙalla wata 3 tun farko, kada a kashe komai a ɗakin tiyata a rasa na jinya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Allah ne Mafi sani.